Damin Makaɗi: Kaka a Tarihin Waƙar Hausa

Shigowar kaka ba ta buƙatar sanarwa. Shamuwar da ta zo da ruwan farko ta kwashe 'ya'yanta ta nufi kudu. Hadari yakan haɗu da la'asar, ya yi ta cida, sannan ya watse bai zubar da komai ba. Da asuba raɓa ta jiƙa ƙafar wando, da rana kuma zafi ya dawo kamar bazara ta yi mantuwa. An riga an yanke gero, dawa tana nuna tana jiran nata lokacin, ana cirar gyaɗa, ana roron wake, yara kuma sai gasa tumu suke yi a bayan gida. A kasuwar Dawanau da ta Dandume da ta Maraɗi, kowa ya zuba ido ya ga inda farashin sabon hatsi zai tsaya.

A ƙasashen Turai, watannin nan na Satumba zuwa Nuwamba lokaci ne na zubar ganye da gajartar yini, shi ya sa waƙoƙinsu na wannan yanayi suka fi karkata ga kewa da rabuwa. Mafi shahara a cikinsu ita ce waƙar nan ta busassun ganyaye da Jacques Prévert ya rubuta, Joseph Kosma ya yi mata kiɗa a Faransa a tsakiyar shekarun 1940. A wurin Bahaushe kuwa, wahalar shekara tana cikin marka ne, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai iso ba, ga aiki a gona, ga zazzaɓi. Kaka ita ce fita daga wannan ƙunci. Cikinta ake biyan bashi, cikinta ake ɗaura aure, kuma cikinta ake biyan makaɗi. Wanda ya bi tarihin kiɗan Hausa na shekara ɗari da suka wuce zai ga cewa wannan biya na ƙarshe shi ne zaren da ya ɗinke labarin: wa ke biyan makaɗi, da me, kuma a wane lokaci na shekara.

Kiɗa da damina, biya da kaka

Aikin makaɗin noma da damina yake. Idan magidanci ya kira gayya, ko saurayi ya tara abokansa za su yi wa surukinsa noma, akan gayyato mai gangar noma. Manoma su jeru kowa da kunyarsa, makaɗi ya bi bayansu yana kiran sunan kowa da na ubansa, yana zuga wanda ya yi gaba, yana yi wa wanda aka bari a baya habaici. Kiɗan ne ke daidaita saukar fartanya, kunyar zambo kuma ita ke hana rago miƙewa ya riƙe ƙugu. A ranar, abin da makaɗi ke samu bai wuce fura da tuwo da ɗan abin da aka manna masa ba, don da damina babu mai kuɗi. Sai kaka ta yi ya ɗauki yaransa da jakinsa ya bi gidajen manoman da ya yi wa waƙa, wannan ya ba shi dami biyu na gero, wancan ya ba shi biyar na dawa, mai ƙarfi ya haɗa masa da riga ko akuya. Rumbun makaɗi da na manomi ruwa ɗaya ke cika su. Shekarar da aka yi fari, ganga ma takan kwana da yunwa.

Babban gwanin wannan fage shi ne sarkin noma. A Gobir da Katsina da ƙasar Maraɗi akwai al'adar bikin dubu: manomin da ya tara dami dubu yakan shirya biki, ya ciyar da jama'a, ya rarraba hatsi da kyaututtuka, daga nan sunansa ya fita. Wannan biki ba ya yiwuwa sai da makaɗi, domin yawan dami kaɗai ba ya kai suna gari na gaba, sai an sa shi cikin waƙa. Haka manomi ke sayen suna da hatsi, makaɗi kuma ya sayi hatsi da suna.

Da an kai amfani gida, sai kiɗa ya tashi daga gona ya koma dandali. Samari da 'yan mata su shirya kalankuwa, su gayyato ƙauyukan da ke kewaye, a yi kwanaki ana kiɗa da rawa da ciye-ciye, a naɗa wa juna muƙamai na wasa ana kwaikwayon masu mulki. Mahauta su ɗauki wuƙaƙensu da 'yan dambensu da masu kalangunsu su bi garuruwa, su yanka dabbobi da rana, da yamma a buɗe fage. Wannan ne ya sa kalangu da dambe da fawa suka zama 'yan gida ɗaya. 'Yan kokawa ma lokacinsu ke nan, ciki ya cika, jiki ya murje da aikin damina. Idan daji ya bushe aka buɗe farauta, sai kiɗan mafarauta da 'yan tauri ya karɓa, fagen da Kassu Zurmi ya yi suna a cikinsa. A cikin gida kuwa, sussuka da daka sun yawaita, mata na lugude suna waƙa, 'yan mata na gaɗa a farin wata, amare na shiga lalle ɗaya bayan ɗaya.

Hatta kayan kiɗan da yawansu amfanin gona ne. Duma da kaka yake ƙosawa, daga shi ake fafe ƙwaryar da mata ke kifawa a ruwa suna kiɗan amada, daga shi ake samun shantu, da ƙoƙon goge da na gurmi da na kukuma. Karan dawa kuma shi yara ke yankewa su yi abin busa. Idan aka ce kiɗan Hausa daga gona ya fito, har kayan aikinsa ake nufi.

Daga gona zuwa fada

Manyan makaɗan fada da muke alfahari da su a yau, da dama cikinsu a gona suka koyi aikin. Ibrahim Narambaɗa na Tubali ya yi waƙoƙin noma kafin ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu. Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a ƙasar Bakura, gidan kiɗan noma ya tashi, ya bi mahaifinsa Usman Ɗankwanda, sannan ya zauna ƙarƙashin yayansa Kurna a Maradun kafin ya ja nasa ayarin, har ya kai ga yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello waƙa. Muhammadu Bawa Ɗan'anace, da duniya ta fi sani da waƙar Shago da Ɗandunawa, ya haɗa kiɗan dambe da na noma. Amali Sububu kuwa a fagen noma ya tsaya, manoma ya wasa har sunansa ya zama ɗaya da sana'ar.

Ana jin wannan asali a cikin waƙoƙin fada kansu. Jagora ya ja, 'yan amshi su karɓe, a maimaita gindin waƙa sau da yawa, tsari ne da ya dace da mutanen da ke aiki tare a jere. Yabon gwani da zambon abokin hamayyarsa, abin da ake yi wa manomi ƙaƙƙarfa da rago ne aka ɗaga shi zuwa ga sarki da ɗan sarkin da ya nemi sarauta bai samu ba. Kwatancen ma daga karkara suke zuwa: ruwa da gulbi, giwa da ɓauna, rumbu da gatari da gamji.

Shiga fada bai raba makaɗi da kaka ba, ya dai nisanta shi da ita taki ɗaya. Sarki ne ke ba shi doki da riga da gida da hatsi, amma abin da sarki ke bayarwa daga talaka ya fito. Haraji ma bayan girbi ake karɓarsa, tun kafin zuwan Turawa da kuma bayan zuwansu. Damin ya ci gaba da zuwa gidan makaɗi, sai dai yanzu ta ƙofar fada yake biyowa.

Gyaɗa, auduga da kalangun Shata

A 1911 layin dogo ya iso Kano, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe da ƙarfin da Turawan kansu ba su zata ba, don auduga suka sa rai da ita. Cikin 'yan shekaru kaka ta samu sabuwar ma'ana: lokacin da ake kafa sikeli, dillalai su bazu ƙauyuka, buhuna su taru har su zama dala a Kano. A Funtuwa da Gusau da Malumfashi da ƙasar Zazzau auduga ce ke wannan aiki. Kuɗi tsaba ya shiga hannun manomi sau ɗaya a shekara, ya kuma haifar da sababbin masu hali: 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata, wakilan kamfanoni, masu motocin ɗaukar kaya, direbobi, 'yan kwangila.

Mamman Shata ɗan wannan zamani ne. An haife shi a Musawa a 1923, ba gidan makaɗa ba, mahaifinsa ma bai so ya yi waƙa ba. Ya fara da tallan goro da alewa a kasuwanni, yana waƙa a dandalin samari da 'yan mata, kafin ya rungumi kalangu. Ya zauna Bakori, daga baya Funtuwa ta zama gidansa, wato tsakiyar ƙasar auduga. Kalangu, kamar yadda aka faɗa, kiɗan mahauta ne da 'yan mata, ba ya cikin kiɗan da fada ke girmamawa irin kotso da taushi da tambari. Shata ya ɗauke shi ya yi wa kowa waƙa da shi: sarki da attajiri, direba da soja, malamin asibiti da mai sayar da abinci. Abin da ya ba shi wannan 'yanci shi ne bai dogara da ubangida ɗaya ba. Akwai masu kuɗi da yawa a garuruwa da yawa, akwai mota da za ta kai shi wurinsu, kuma yawancin kuɗin nan daga buhun gyaɗa da ƙunshin auduga suka fito. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a 1999, aka binne shi a Daura.

Ɗanmaraya Jos ya ƙara matsawa gaba. An haife shi a 1946 a Bukuru, garin haƙar kuza, inda mutane ke rayuwa da albashi da lada, ba ruwansu da jiran girbi. Kuntiginsa ma shaida ne: ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da akan yi da gwangwanin kifi a rufe da fata. Ba shi da 'yan amshi, ba shi da ayarin da zai ciyar. Ya yi wa karen mota waƙa, ya yi ta zaman aure da halin mutanen birni. Shi da kuntiginsa za su iya shiga ɗakin ɗaukar murya ko da marka ko da rani, abin da zai fito ɗaya ne.

Rediyo ba ta san damina ba

A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Ƙaramar rediyo mai batir ta shiga ƙauyuka, manomi ya rataye ta a reshen bishiya yana noma. Wannan abu ya yi wa kiɗan Hausa alheri babba, domin da ba don faifan da gidajen rediyo da kamfanoni suka ɗauka ba, da muryar Narambaɗa ta bi shi kabari. Ya kuma ɗauke waƙa daga lokacinta. Waƙar noma da ake yi a bayan manoma cikin Yuli, yanzu ana jin ta cikin Maris a shagon tela. Waƙar dambe ta isa kunnen wanda bai taɓa tsayawa a fage ba. Kaset ya zo a shekarun 1970 ya ƙarasa aikin, kowa ya zama yana iya kiran Ɗan'anace ɗakinsa duk sa'ar da ya ga dama. Waƙar amada ma ta fito daga tsakar gida, Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta kai ƙwarya gaban jama'ar da a da ba su da damar jin ta.

A daidai wannan lokaci ne tushen tsohon tsarin ya girgiza. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya ƙone amfani ya kashe dabbobi daga Agadas har Kano. A 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa ta lalata noman shekarar. Kuɗin man fetur ya ja samari birni, dalar gyaɗa ta ɓace. Gwamnati ta shiga kiran mutane su koma gona, da shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, da na juyin noma na Shehu Shagari a 1980, makaɗa kuma suka yi ta waƙoƙin taki da irin shuka a rediyo. Abin lura a nan shi ne an juya tsarin: a da manomi ke biyan makaɗi don ya yabe shi, yanzu hukuma ke biyan makaɗi don ya roƙi manomi ya yi noma. A Nijar, gwamnati ta ɗauki kokawar ƙauye ta mai da ita gasar ƙasa, aka yi ta farko a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Gasar tana nan har yau, ana yin ta bayan an gama girbi, kuma makaɗan kokawa na cikin abin da ke tara mata jama'a.

Kakar da ba ta gona ba

Fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, zuwa ƙarshen shekarun kuma waƙa da rawa sun zama jigon finafinan Hausa. Fiyano ya maye gurbin ayarin makaɗa, mutum ɗaya a ɗaki yana fitar da amon kalangu da na goge da yatsunsa. Daga nan aka samu zuriyar Aminu Ala da Nazifi Asnanic da Nura M. Inuwa da Ali Jita da Umar M. Shareef. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta mamaye wayoyi a 2020, lokacin da annobar korona ta kulle mutane a gida, babu dandali, babu biki, babu kasuwa.

Mawaƙin yau ma yana da lokacin samu. Yana da bukukuwan Sallah, waɗanda ke bin watan sama suna zagaya shekara. Yana da bikin aure, wanda a birni ya fi bin hutun makaranta da ƙarshen shekara. Sama da duka yana da zaɓe. Harshen kansa ya ajiye shaidar wannan canji: muna cewa kakar zaɓe, muna cewa kakar wasa idan ana maganar ƙwallon ƙafa. Kalmar ta bar gona ta koma nufin duk lokacin da abu ke kankama ana samu. Dauda Kahutu Rarara da takwarorinsa suna yin abin da makaɗin noma ya yi, su wasa nasu gwanin, su yi wa abokin karawarsa zambo, sai dai kakarsu shekara huɗu-huɗu take zuwa, kuma wanda ke ba da damin ba shi ya noma shi ba. Dambe ma ya samu gidaje na dindindin a Kano da Dei-Dei ta Abuja da sauran birane, ana yi kusan duk shekara, ana sawa a YouTube.

A ƙauye kuwa, abubuwa da yawa ne suka taru suka rage amon ganga. Maganin feshi da 'yan ƙwadago da garmar shanu sun rage buƙatar gayya. Wa'azi ya yi ƙarfi a kan cuɗanyar maza da mata a dandali, wasu jihohi kuma sun sa dokoki a kan kiɗa bayan ƙaddamar da shari'a daga shekarar 2000. Samari na tafiya cin rani tun dawa ba ta shiga rumbu ba. Waɗanda suka rage, kowa da wayarsa. Wasu daga cikin waɗannan dalilai mutane ne suka zaɓe su da kansu, kuma suna da hujjojinsu.

Akwai dalili ɗaya da ba wanda ya zaɓa. Ƙasar da ta haifi makaɗan noma da na fada, wato Maradun da Bakura da Zurmi da Isa da Shinkafi, ita ce yau ke tsakiyar ta'addancin 'yan bindiga. A garuruwa da dama na Zamfara da gabashin Sakkwato da yammacin Katsina, manomi sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe, wani lokaci ma a tilasta masa ya yi musu aiki a gonakin da suka ƙwace. A Satumban 2021, daidai shigowar kaka, hukuma ta rufe layukan waya da kasuwannin mako a Zamfara don yaƙi da su. Taron dare a farin wata ya zama kasada. Sunan Sububu, wanda manoma suka sani ta bakin Amali, matasan yau sun fi saninsa da daji da kuma Halilu Sububu, ƙasurgumin ɗan bindigar da sojoji suka kashe a Satumban 2024. Damin da a da ake ware wa makaɗi don jin daɗi, yanzu ana ware shi ne don a tsira da rai.

Waƙoƙin da aka ɗauka suna nan, ana tura su a WhatsApp, ana jin su a mota. Amma abin da aka ɗauka kaɗan ne daga abin da aka rera. Kowane yanki yana da makaɗin nomansa da bai taɓa zuwa Kaduna ba, kowace unguwa tana da tsohuwar da ta san waƙoƙin daka da na gaɗa na zamaninta, kuma da yawansu yanzu suna zaune a gidajen 'yan'uwa a Gusau da Sakkwato da Katsina da Maraɗi, nesa da gonakinsu. Taken manoma da sunayen waɗanda suka yi dubu da yadda ake shirya kalankuwa a garinsu duk suna kansu, ba a rubuce ba. Wayar da mai karatu ke riƙe da ita tana ɗaukar murya. Idan an je gida cin sabon gero bana, ko an ziyarci wanda gudun hijira ya kawo birni, a tambaye shi wa ke yi musu kiɗan noma, dami nawa ake ba shi, kuma me yake cewa idan ya zo kan mahaifinsa.